Daga Turmi Zuwa Inji: Tarihin Matsar Man Gyaɗa a Birnin Kano

Ƙwayar gyaɗa ƙarama ce, amma dukiya biyu ke cikinta. Kusan rabin nauyinta mai ne, wajen kashi ɗaya cikin huɗu kuma sinadarin gina jiki ne. Muddin suna haɗe, gyaɗa ce kawai, a dafa ko a soya a ci. Da zarar an raba su, sai a sami man girki da na sabulu a gefe guda, ƙuli-ƙuli da abincin dabbobi a ɗaya gefen, kowanne da kasuwarsa da masu nemansa. Wannan rabawar ita ce matsa. Wanda ya bi tarihin gyaɗar Kano a tsanake zai tarar tambaya ɗaya ce take ta dawowa tun fiye da shekara ɗari: wa zai yi matsar, a ina za a yi ta, kuma hannun wa ribarta za ta faɗa?

Kafin jirgin ƙasa ya iso

Gyaɗa baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Asalinta Kudancin Amurka, kuma jiragen ruwan mutanen Fotugal ne suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma wajen ƙarni na 16. Daga nan ta biyo hanyoyin fatake har ta iso Arewa. Ba ta sha wuyar samun karɓuwa ba, domin manomi ya riga ya saba da gurjiya, wadda ita ma a ƙarƙashin ƙasa take 'ya'ya. Ƙasar Kano kuma ta dace da ita: jigawa ce mai sauƙin tono, ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Ana shuka ta tsakanin gero da dawa, tana ƙara wa gona ƙarfi, harawarta kuma ta ciyar da tumaki da awaki da dawaki har rani ya wuce.

A birni akwai mai iri-iri tun da can. Fulani suna kawo man shanu, ana samun man kaɗanya, fatake suna hawo da manja daga kudu, ga kuma riɗi. Sai dai man gyaɗa shi ne na kusa da hannu. Da shi ake tuyar ƙosai da waina, da shi ake miya, da shi ake kunna fitila. Kuma tun farkon lamarin, matsarsa sana'ar mata ce, a cikin gida ake yin ta.

Aikin yana da tsari wanda uwa ke koya wa 'yarta. A ɓare gyaɗa, a tsince ruɓaɓɓu, a soya ta a kasko har ta yi ƙamshi ba tare da ta ƙone ba. A murje ta, a fece jan ɓawon da faifai, sannan a daka a turmi ko a niƙa a dutse har ta zama kulli mai santsi. Daga nan gwaninta take farawa. Ana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da taɓarya ko muciya, ba hutawa, har kullin ya haɗe jikinsa, mai ya taso ya kwanta a kai. In ruwa ya yi yawa aiki ya ɓaci, in ya yi kaɗan mai ya ƙi fita. A kwashe man da ludayi, a ɗora tunkuzar a kan dutse ko katako a yi ta matsa da hannu har ta daina tsatsa. Sai a sa mata gishiri, a mulmula ta ko a murza ta siri-siri, a soya a cikin man da ya fito daga jikinta. Ƙuli-ƙuli ke nan.

Masu ilimin sinadarai na yau sun bayyana dalilin kowane mataki. Zafin suya yana sassauta ƙananan ɗakunan da man ke ɓoye a cikinsu. Daka yana farfasa su. Ruwan zafi kuma yana kama ɓangaren da ba mai ba, ya dunƙule shi wuri guda, tunda ruwa da mai ba sa haɗuwa, sai man ya ware. Matan unguwannin Dala da Madabo da Bakin Ruwa ba su karanta wannan a littafi ba, hannunsu ne ya gano shi, kuma injin da ya zo daga baya matakan nan dai ya bi.

Babu abin da ake zubarwa. Ɓawon waje ya shiga murhu. Man ya tafi wurin masu tuya da masu abincin sayarwa. Ƙuli-ƙulin ya zama abin taunawar yara da guzurin matafiya, a daka shi a yi kwaɗon rama ko na zogale, mahauta kuma su saye shi don yajin tsire, su sayi tunkuza don haɗin kilishi. Matar da ke cikin kulle ba ta taka ƙafa zuwa Kurmi, kasuwar da ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, amma hajarta tana zuwa ta hannun 'yan talla da tsofaffin dillalai. Da ribar take zubin adashi, take tara wa 'yarta kayan ɗaki, take fita kunyar biki da suna. Masana'anta ce sosai, sai dai a warwatse take cikin ɗaruruwan gidaje a bayan ganuwa.

Yunwar mai a Turai

A can Turai wani al'amari ne yake tafiya. Birane sun cika da ma'aikata, kitsen dabba ya kasa isar su ci da wanka da fitila. A 1795 wani Bature ɗan Ingila, Joseph Bramah, ya ƙera matsi mai aiki da ƙarfin ruwa, wanda masu matsar mai suka ɗauka suna danne niƙaƙƙen iri a cikin ƙyalle. A ƙarni na 19 masana'antun Marsai da Bodo a Faransa suka dogara da gyaɗar Sanagal don mai da sabulu. A 1869 wani Bafaranshe, Hippolyte Mège-Mouriès, ya ƙirƙiro majarin, wato madadin bota mai araha. A 1900 Valerius Anderson na birnin Kilibland a Amurka ya fito da injin matsa mai murɗawa, wanda ake zuba masa iri ta baki ɗaya yana aiki ba tsayawa. Sannan a 1902 wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya yi rajistar hanyar daskarar da ruwan mai ya zama mai kauri. Wannan ita ta buɗe ƙofa: daga lokacin ana iya yin majarin da man tsirrai zalla, kuma man gyaɗa na cikin waɗanda suka fi dacewa. Masana'antun Ingila da Jamus da Holan suka shiga neman gyaɗa ido rufe.

Kano ba ta da labarin wannan duka lokacin da sojojin Gwamna Lugga suka fasa ganuwarta a watan Fabrairun 1903, aka naɗa Sarki Abbas. Su kansu Turawan mulkin ba gyaɗa ce a ransu ba. Auduga suke hange, domin masaƙun Lankasha na bukatarta, kuma ƙungiyar masu neman yaɗa noman auduga da aka kafa a Ingila a 1902 ta matsa ƙwarai a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912.

Lissafin manomi ya sha bamban da na Bature. Audugar Kano tana da masu sayenta a gida, masu kaɗi da masaƙa da marina, kuma suna biyan kuɗin da ya fi na kamfani. Gyaɗa kuwa ba ta cin aiki kamar auduga, tana zama lafiya da hatsi a gona ɗaya, in kasuwa ta faɗi a ci ta. Ga haraji kuma an koma biyansa da kuɗin Bature maimakon wuri. Da kamfanoni suka fara sayen gyaɗa da tsada, sai ƙauyuka suka amsa. Abin da Nijeriya ta fitar bai kai tan 3,000 ba a 1912, amma a 1913 ya haura tan 19,000, har tashar jirgi ta rasa inda za ta sa buhuna. Fari da yunwar 1914 da Yaƙin Duniya na Farko sun kawo tsaiko, amma hanya ta riga ta buɗe.

Turawan kamfani ba su san ƙauye ba, ba su san wanda za a ba bashi ya biya ba. Attajiran birni ne suka riƙe wannan, musamman fataken goro da suka saba da hanyar Gwanja, masu yara a kowace kasuwa. A cikinsu akwai Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo da Adamu Jakada, sai kuma Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji, wanda ya zama wakilin kamfanin Neja a 1918, kuma kafin rasuwarsa a 1955 ya zama attajirin da ba a yi kamarsa ba a Afirka ta Yamma ta zamaninsa. Su ne suke raba kuɗi da gishiri da tufafi kafin kaka, su tattaro gyaɗa a kan jakuna da raƙuma zuwa sikeli. Hazaƙarsu abin yabo ce. Amma gyaɗar da suka tara tana barin Kano ne ɗanya, ta yi tafiyar mil 700 zuwa Ikko, ta hau jirgin ruwa, a matse ta a Libaful ko Hambog ko Rotadam. Man ya zama majarin da sabulu a can, tunkuzar ta ciyar da shanun can, albashin matsar ya shiga aljihun leburorin can. A 1920 kamfanin sabulu na Lever ya saye kamfanin Neja, a 1929 aka haɗa UAC, wadda ta zama reshen Unilever, magajin kamfanin Lever. Mai sayen gyaɗa a Kano da mai matse ta a Turai sun zama gida ɗaya, kuma ba shi da dalilin kafa inji a nan.

Shekara talatin aka yi a haka. Duk tsawon lokacin, matsar da ake yi a ƙasar Kano ita ce ta turmi. Mata ne kaɗai suka riƙe ribar rabawa a gida, alhali suna gogayya da sikelin kamfani wajen sayen gyaɗar da za su matsa.

Injin farko

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya lissafi. Jiragen ruwa sun yi ƙaranci, teku ta zama wurin haɗari, kuma Japan ta mamaye ƙasashen gabas da Turai ke samun mai daga cikinsu. Ɗaukar mai a ganga ya fi ɗaukar gyaɗa sauƙin wuri a cikin jirgi. A wannan zamanin kamfanin Lesieur na Faransa ya kafa masana'antarsa a Dakar, aka kafa Siconiger a Maraɗi a 1942. A Kano kuwa, ba manyan kamfanonin Ingila ne suka fara ba. Wani ɗan kasuwa Kwara, wato ɗan Labanan, George Calil, shi ya kafa injin matsar gyaɗa a farkon shekarun 1940, wanda ya zama Nigerian Oil Mills. Bayan yaƙi wasu suka biyo sahu, irin su P. S. Mandrides da Kano Oil Millers. Dukkansu a wajen ganuwa suka zauna, gabas da birni, a yankin tashar jirgi da Bompai, inda ake samun dogo da wutar lantarki da ruwan famfo, waɗanda Hukumar En'e ta jawo daga Challawa tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Wanda ya san aikin turmi ba zai ɓata a cikin masana'antar ba. Ana fara tace gyaɗa a raba ta da tsakuwa da ƙasa da guntun ƙarfe. A farfasa ta tsakanin ƙarafa masu juyawa. A wuce da ita tukunyar ƙarfe mai hawa-hawa inda tururi ke dafa ta, a daidaita zafinta da laimarta, wato dai matsayin kasko da ruwan zafi. Sannan ta gangara cikin injin matsar. Shi kuwa doguwar sandar ƙarfe ce mai murɗaɗɗen zare irin na kusar noti, tana juyawa a cikin keji na sandunan ƙarfe da aka jera dab da dab. Sandar tana tura gyaɗar gaba, wurin yana ƙara ƙunci, matsi yana ƙaruwa, har man ya riƙa tsiyaya ta tsakanin sandunan yana taruwa a ƙasa, tunkuzar kuma ta fito ta ƙarshe da zafinta, busasshiya, ɓaro-ɓaro. A bi da man ta matatar ƙyalle, a zuba a ganga ko tankin jirgi.

Bambancin yana wurin ƙarfi. Hannu, komai ƙwarewarsa, yana barin mai mai yawa a cikin tunkuza, shi ya sa ƙuli-ƙuli yake da maiƙo da daɗi. Injin murɗawa mai kyau yakan bar kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari kawai. Akwai kuma hanya ta uku da manyan masana'antu suke bi, inda ake jiƙa tunkuzar da wani sinadari mai suna hekzen ya narkar da sauran man, sannan a dumama ya tashi a sake kama shi. Wannan takan bar ƙasa da kashi 1. In ana son mai fari tas marar ƙamshi, sai a wanke shi da soda a cire tsaminsa, abin da aka cire ya tafi wurin masu sabulu, a tace launinsa da wata irin ƙasa, a kore warinsa da tururi. Tunkuzar inji kuwa kusan rabinta sinadarin gina jiki ne, shi ya sa masu kiwon shanu da kaji a Turai suke rububinta.

Masu injin Kano ba su da 'yancin shiga kasuwa su saya yadda suka ga dama. Tun lokacin yaƙi gwamnati ta karɓe cinikin fitar da amfanin gona. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Nijeriya, a 1954 ta koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ita ke yanke farashin kaka, ita ke ba wakilai lasisin saye, kuma daga hannunta masu inji ke karɓar gyaɗa a kan farashin da ta sa. Ribar masana'anta ta rataya ne a kan wannan farashin, don haka jayayya a kansa ba ta ƙare ba. Kuɗin da hukumar ta tara daga bambancin farashin manomi da na kasuwar duniya ya yi ayyuka a Arewa, hanyoyi da makarantu da masana'antu, amma daga gumin manomi aka yanke shi.

Akwai wani ƙaramin inji da ya shiga ƙauyuka a shekarun 1950, wanda ya kamata a tuna da shi. Kafin nan a turmi ake ɓare gyaɗar sayarwa, taɓarya tana farfasa ƙwayar, fasasshiyar ƙwaya kuma tana saurin tsami, man da ke cikinta ya lalace kafin ta isa Turai. Sai hukuma ta sa ƙarin kuɗi ga gyaɗar da ƙwayarta ba ta fashe ba, aka yaɗa injin ɓara na hannu: kwandon ƙarfe mai ramuka da hannu da ake kaɗawa gaba da baya. Maƙera suka koyi ƙera shi, cikin 'yan shekaru ya game ƙasar, darajar gyaɗar Kano ta ɗaga a kasuwar duniya. Injin da talaka zai iya saya, maƙerin garinsu ya iya gyarawa, shi ne ya fi saurin sauya aiki.

Dala da abin da take nufi

A wannan zamanin ne dalar gyaɗa ta zama tambarin Kano. Ana jera buhuna a faɗi daga ƙasa, ana tsukewa ana hawa, har dala guda ta ɗauki buhu wajen 15,000, a lulluɓe ta da tamfol. An gan su a Ƙofar Mazugal da filayen da ke kusa da dogo, da kuma tashoshi irin su Malam Madori. Leburorin da suka ɗora buhu a ka suka hau har ƙololuwa sun yi aikin ƙarfi da gwaninta. A shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa, abin da hukuma ke saya a kaka mai kyau ya kai tan miliyan ɗaya. Har yau hoton dalar buhuna yana bayan takardar naira 200 da aka fitar a shekarar 2000.

Duk da haka gaskiya ɗaya ce: dala gyaɗa ce mai jiran jirgi. Ta yi tsawo ne domin taragai sun kasa kwashe abin da aka noma, musamman bayan yaƙi, har amfanin wata kaka ya tarar da na wata bai tafi ba, ƙwari suna ci. Kowane buhu a cikinta aikin matsa ne da za a yi a wata ƙasa. Abin alfahari na haƙiƙa a shekarun nan shi ne hayaƙin Bompai, inda kaso mai tsoka na amfanin ya fara fita a matsayin mai da tunkuza, inda 'ya'yan birni da Fagge da baƙi 'yan cirani suka koyi aikin tukunyar tururi da walda da gyaran inji, suka karɓi albashi. Matsar gyaɗa na cikin tubalan farko da aka gina masana'antun Kano a kansu.

A cikin birni kuma turmi bai yi shiru ba. Man inji yawancinsa waje yake tafiya, kuma tunkuzarsa ba ta ƙuli-ƙuli, ta bushe da yawa, ba a kuma yi ta da tsaftar abincin mutum ba. Don haka mata suka ci gaba da riƙe kasuwar gida. Da injin niƙa ya shigo unguwanni, sai ya ɗauke musu wahalar daka: yarinya ta kai soyayyar gyaɗa a markaɗo, uwa ta yi juyi da matsa. Masu bincike biyu, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa, da Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a Kurawa da Ƙofar Mazugal a shekarun 1970, dukkansu sun nuna girman cinikin da matan kulle ke yi daga ɗakunansu, wanda lissafin gwamnati bai taɓa ƙirgawa ba.

Shekarun da inji ya rasa abin ci

Masifun sun zo ne a jere. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Bincike ya gano guba mai suna aflatoksin, wadda funfuna ke haifarwa a gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba, kuma tana lahanta hanta. Daga nan masu saye a Turai suka tsaurara sharuɗɗa, suka ƙara karkata ga waken suya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya toshe hanyar fitar da gyaɗa ta Fatakwal. Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙone gonaki. Sai a 1975 kuturtar gyaɗa, cutar da ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta cinye kimanin hekta 700,000 a Arewa. Manoma da yawa ko iri ba su tsira da shi ba.

Da a wani zamani ne, da an tashi tsaye an farfaɗo. Amma kuɗin fetur ya shigo, gwamnati ta daina dogara da gona, samari suka bar ƙauye suka nufi aikin gini a birane, farashin hukuma ya kasa na kasuwa. Manomi ya koma gero da dawa da wake, fitar da gyaɗa ya tsaya, filayen dala suka zama wayam. Hukumar gyaɗa ta ƙasa da aka kafa a 1977 mai hedikwata a Kano ta zo ne lokacin da ba sauran abin saye, kuma a 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin ciniki gaba ɗaya. Manyan injuna suka koma aiki rabi-rabi, wasu suka juya ga angurya da waken suya, wasu suka rufe. Ƙasar da ta ciyar da Turai mai ta koma sayen man da aka tace daga kwakwar manjan Maleshiya da Indunusiya.

Darasin a fili yake. Inji ba ya rayuwa da kansa. In gona ta mutu, ƙarfe ne kawai.

Matsa ta dawo kusa da gida

Gyaɗa ba ta ƙare ba, hanyarta ce ta sauya. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, tare da cibiyar bincike ta ICRISAT mai ofis a Kano, ta fitar da irin da ke jure kuturta kuma yake nuna da wuri, irin su SAMNUT 24 da aka saki a 2011. Noman ya farfaɗo, har Nijeriya ta koma sahun farko a Afirka. Amma yanzu cikin gida ke cinye kusan duka, domin jama'a ta ninka. Buhunan da a da za su tsaya a dala, yau daga kasuwar Dawanau da kasuwannin ƙauye suke wucewa kai tsaye wurin masu matsa.

Masu matsar ma sun sauya. A Sharaɗa da Dakata da wasu wurare, ƙananan injuna ne birjik, na Indiya da na Sin da waɗanda masu walda na Kano suka ƙera, mallakar 'yan kasuwar gida. Suna matsar gyaɗa da waken suya, tunkuzar ta tafi gonakin kaji. Riɗi kuwa, wanda ya zama babbar hajar fitarwa, yawancinsa ɗanye yake barin ƙasar, a matse shi a Asiya, kamar yadda aka yi wa gyaɗa a 1913. A lungunan birni mata na nan da sana'arsu, wasu sun haɗa ƙungiya sun sayi injin juyi, kuma uwargidan da ta san girki har yau man ƙuli take aika a sayo mata.

Matsalolinsu sanannu ne. Wuta ba ta tsayawa, man dizal ya yi tsada, inji yakan yi watanni a kwance idan kaka ta yi nisa domin mai shi ba shi da jarin ajiye gyaɗa. Man waje da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya yana karya farashi. Akwai masu algus da ke gauraya mai. Akwai kuma aflatoksin, wadda ta fi taruwa a tunkuza, wato a ƙuli-ƙulin da yaranmu ke ci da abincin kajin da muke kiwo. Maganinta yana farawa daga gona: a cire gyaɗa a kan kari, a shanya ta bushe sarai, a tsince ruɓaɓɓu, kada a tura su wurin mai ƙuli don arha.

Wanda yake son gyaɗa ta sake ɗaga Kano, ga inda aikin yake. Manomi ya sami iri mai kyau da farashin da zai sa ya sake shukawa baɗi. Mai ƙaramin inji ya sami wuta da bashin kaka da zai riƙe shi shekara. Mai walda ya sami horo da ƙarfe nagari, tunda tarihi ya nuna injin da ake iya gyarawa a gida shi ke daɗewa. Matan da suka riƙe wannan sana'a tun kafin Bature ya zo su sami injin da zai hutar da kafaɗunsu ba tare da ya ƙwace musu kasuwa ba, da hanyar gwada hajarsu a tabbatar da tsaftarta. Riɗi da waken suya kuma a daina sallama su ɗanye. Noma rabin arziki ne, sauran rabin yana hannun wanda ya raba mai da tunkuza, kuma Kano tana da gona da kasuwa da hannayen da suka iya, babu dalilin da zai sa ta sake barin wannan rabin ga wasu.